Sarakuna Sun Samu Shafi, Iyayensu Mata Fa? Bitar Littafin Hogben da Kirk-Greene Daga Kudancin Jigawa

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, kamfanin buga littattafai na Jami'ar Oxford ya fitar da The Emirates of Northern Nigeria, littafi mai kauri da ya haura shafi 600, da sunayen mutum biyu a bangonsa: S. J. Hogben da A. H. M. Kirk-Greene. Hogben ya yi aikin ilimi a Arewa zamanin Turawa, kuma tun 1930 ya wallafa ƙaramin littafi a kan masarautun Musulmi na Nijeriya. Kirk-Greene ya yi Di'o a lardin Adamawa, ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Zariya, daga baya ya koma Oxford, ya rasu a 2018. Tsohon littafin Hogben suka ɗauko suka faɗaɗa shi, suka zuba masa abin da ke cikin kundayen larduna da Razdan-Razdan suka tattara wajen 1920, da Tarihin Kano wanda Palmer ya fassara, da labaran tafiyar Clapperton da Barth, da abin da fadoji suka aiko na jerin sarakunansu. A ƙarƙashin sunan littafin sun rubuta cewa sharar fage kawai suka yi. Yau kusan shekara sittin ke nan, sharar fagen nan ita ce ɗalibai suke ta buga hotonta a shagunan bakin jami'a, ita ce kuma ake ɗaukowa a ɓoye idan gardamar gadon sarauta ta yi zafi.

Kashi biyu ne. Na farko yana ba da tarihin ƙasashen Sudan ta Yamma a dunƙule, daga Gana da Mali da Songhai zuwa Borno da jihadin Shehu Usmanu. Wannan kashin ya tsufa, kuma wanda ya tsallake shi bai yi babbar asara ba, tunda Murray Last ya fito da nasa littafin a kan Daular Sakkwato a 1967, wasu kuma suka biyo baya da abin da ya fi shi zurfi. Kashi na biyu shi ne littafin. Masarauta bayan masarauta, kowace da babinta, da labarin kafuwarta, da jerin sarakunanta da shekarunsu, da jadawalin salsala. A nan ne marubutan suka yi abin da ya cancanci a yaba musu har gobe: ba su tsaya a Sakkwato da Kano da Katsina da Zazzau da Borno ba. Kazaure ta samu babi. Gumel ta samu. Jama'are da Misau da Katagum da Haɗeja duk sun samu, kowace a kan kujerarta, ba a matsayin rataye a wuyan wata babba ba.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ba lalle ya ga girman wannan ba. Amma mutumin Yalwan Damai, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko na Gwaram da Sara da Basirka, ya san cewa maƙwabtansa na kusa ba Ƙofar Kudu ba ce. Idan ya fuskanci gabas, Shira da Jama'are da Azare ne a gabansa. Idan ya juya kudu, duwatsun Ningi. Da mutanen can yake haɗuwa a kasuwa, can ake kai 'yarsa aure, daga can ake kawo masa suruka. Littafin da ya ɗauki waɗannan ƙananan masarautu da muhimmanci, tarihin ƙofar gidansa ya rubuta.

Duba babin Misau. Gwani Mukhtar ya ci Birnin Gazargamu, hedkwatar Borno, a 1808, ba a jima ba Barebari suka dawo suka kashe shi a can. Ɗansa Mamman Manga ya rage da suna da jama'a amma ba ƙasa. Garin Misau kuwa Yakubun Bauchi da Ɗan Kauwa na Katagum ne suka haɗu suka ci shi, kowanne yana ganin nasa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar ta hanyar da ba wanda ya ci ba wanda ya faɗi: ya miƙa garin ga ɗan Gwani Mukhtar a 1831, da sarautar Sarkin Borno ta Gabas. Masarauta guda ta tsiro daga sulhu tsakanin manya biyu da kuma hakkin maraya. Ko babin Kazaure: Ɗan Tunku ya taimaka a jihadi, amma da aka naɗa Ibrahim Dabo a Kano a 1819 ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shekara biyar ana fafatawa, sai a 1824 Bello ya yanke cewa Ɗan Tunku ya tsaya da ƙafarsa, ya riƙa bin Sakkwato kai tsaye. Ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar a Kazaure. Babin Katagum yana da ɗanɗano na daban saboda Clapperton ya sauka wurin Ɗan Kauwa a farkon 1824, kafin abokin tafiyarsa Oudney ya mutu a Murmur, kuma ya bar bayanin abin da idonsa ya gani. Haɗeja tana da Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya hana gabashin Kano barci har rasuwarsa a 1863, tana kuma da ranar 1906 da Sarki Muhammadu ya zaɓi mutuwa a kan miƙa wuya. Gumel ita kaɗai ce a cikinsu ba ta karɓi tuta ba. Gidan Mangawa ne mai kai gaisuwa Borno.

Marubutan suna ba da waɗannan labarai a taƙaice, ba ado, ba dogon sharhi, kuma wannan taƙaitawar alheri ce. Idan ka karanta babobin nan a jere, abu guda zai fito maka wanda su kansu ba su tsaya sun faɗa ba: ƙaramar masarauta ba ta rayuwa da ƙarfin dawakinta kaɗai. Tana rayuwa ne da sanin wa za ta jingina da shi, wa za ta ba 'ya, 'yar wa za ta karɓa, da kuma lokacin da za ta aika da gaisuwa kafin a tambaye ta. To a daidai nan ne littafin ya kai mu bakin ƙofa ya tsaya.

Buɗe kowane jadawalin salsala a cikinsa. Suna guda a sama, layi ya sauko, ya rabu biyu ko uku, kowane reshe da sunan namiji, a gefensa lamba da ke nuna shi ne sarki na nawa, a ƙarƙashi shekarar hawa da ta sauka. Tsaf-tsaf, ido yana bi ba wahala. Amma in ban da irin su sarauniyoyin Daura da Amina ta Zazzau, waɗanda suka shiga labari don sun riƙe mulki da kansu, da ƙyar ka ci karo da mace a waɗannan layuka. Kamar saƙa ce da aka ja zaren tsaye aka manta da na kwance: tsawon yana nan, amma ba abin da ya riƙe wannan zare da wancan.

Na taɓa karanta wa wani dattijo jadawalin Kano a zaurensa a Yalwan Damai, bayan la'asar, yana gyaran igiyar guga. Ba ya karatun boko, amma sarakunan Kano a kansa suke tun daga Dabo. Na karanto Usman, na karanto Abdullahi, na karanto Bello, yana gyaɗa kai. Da na wuce zuwa Tukur sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Ina Shekara?"

Na ce, "Baba, ba su sa mata a ciki ba."

Ya aje igiyar ya dube ni. "To me suka rubuta? In ba ka san ɗakin da mutum ya fito ba, ta ina za ka san wanda zai tsaya masa ranar da aka ja daga?"

Duk wanda ya girma a gidan mata fiye da ɗaya ya san abin da yake nufi. Uba ɗaya ne ke ba da haƙƙin neman sarauta, amma ɗaki ne ke raba 'yan uba da shaƙiƙai, kuma kawunai ne ke kawo dawaki. Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, waɗanda suka riƙe Kano a jere daga 1846 zuwa 1893, duk 'ya'yan Shekara ne. Shekara 47 sarautar Kano tana ɗakin mace guda, kuma jadawalin bai nuna ba. Dabo kansa ya auri Maryam 'yar Shehu Usmanu, wadda bayan rasuwarsa ta koma gida ta zama mai faɗa a ji a kan al'amuran Kano, ta kuma ci gaba da aikin 'Yan Taru bayan yayarta Nana Asma'u. Ita Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma ta gidan Waziri ne Kano da masarautun gabas suke shiga wurin Sarkin Musulmi. Waziri Buhari da ya zo Kano ya naɗa Tukur ɗan Bello a ƙarshen 1893 jikanta ne.

Basasar da ta biyo bayan naɗin nan a ƙasarmu ta fi ci. 'Ya'yan Abdullahi da magoya bayansu suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai, wadda duk mai zuwa Kano daga Birnin Kudu ya san ba nisa. Jagoransu Yusufu ya rasu a Garko a 1894 kafin a ci birni. Yana da 'yan'uwa da yawa, wasu sun girmi wanda aka zaɓa. Me ya sa aka tsayar da Aliyu? Malami ne, jarumi ne, ba musu. Amma mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Mutanen da suka ɗaga takobi a kan zaɓin Sarkin Musulmi Abdurrahman suna bukatar wanda Sakkwato za ta ji nauyin ƙin karɓarsa, sai suka sa jikan gidan a gaba. Aliyu ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895, Sakkwato kuma ta haɗiye abin da ta haɗiye. Wanda ya dogara da jadawalin maza kaɗai zai ga ɗan Abdullahi ya karɓe daga ɗan Bello, shi ke nan. Rabin dalilin yana wajen uwa.

A nan ya kamata mu leƙa Jamus, don akwai wani gari can da ya shiga wannan littafi ta ƙofar baya. Labarin tafiyar Barth, wanda ya ratsa Kano da Gumel a 1851 kuma Hogben da Kirk-Greene suka sha ɗiba daga gare shi, a garin Gota aka buga shi da Jamusanci a 1857 da 1858, a kamfanin Justus Perthes. Wannan kamfanin dai shi ne yake fitar da Almanach de Gotha, kundin shekara-shekara na gidajen sarautar Turai, wanda aka fara tun 1763 aka ci gaba har 1944. Babban aikin kundin shi ne faɗin wa ya auri wa, 'yar wane gida ce, kuma auren ya yi daidai da daraja ko bai yi ba. Turawan da suka zana mana salsala ba mata, a gidansu sunan uwar sarki ne abu na farko da ake dubawa.

Gota kuwa rabin wata 'yar masarauta ce, Koburg da Gota, yankuna biyu da ko haɗe ba su yi ba, faɗinsu duka bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. A 1910 mutanenta ba su wuce 260,000 ba. Ƙaramar hukumar Birnin Kudu ita kaɗai ta haura 300,000 a ƙidayar 2006. Sarakuna huɗu kacal ta yi daga 1826 zuwa 1918: Ernst na ɗaya, Ernst na biyu, Alfred, da Carl Eduard. Ba su da rundunar a zo a gani, ba su da teku. 'Ya'ya suke da su, kuma sun san inda za su kai su. Ƙanwar Ernst na ɗaya ta auri ɗan Sarkin Ingila a 1818 ta haifi Sarauniya Biktoriya. Ƙanensa Leopold ya zama sarkin Beljiyam na farko a 1831. Ɗan wani ƙanen nasa, Ferdinand, ya auri Sarauniyar Fotugal a 1836. Ɗansa na cikinsa, Albert, ya auri Biktoriya a 1840, auren zumunci na ɗan kawu da 'yar gwaggo wanda duk Bahaushe zai gane. Wani reshen gidan ya hau gadon Bulgeriya a 1887. Sarkin Suwidin na yanzu, mahaifiyarsa 'yar Carl Eduard ce.

A 1893, shekarar da Bello ya rasu a Kano, Ernst na biyu ya mutu ba magaji, sarautar ta tsallaka teku ta faɗa kan Alfred, ɗan Biktoriya na biyu. Da shi ma ya mutu a 1900 bayan ɗansa tilo ya riga shi, sarautar ta faɗa kan wani jikan Biktoriya ɗan shekara 16, wanda aka riga aka ɗauko daga makarantar Eton aka mai da shi Bajamushe. Ba a zubar da jini ba kamar yadda aka yi a Kano, amma kuɗin da aka biya daga baya ba kaɗan ba ne. Yaƙin 1914 ya same shi a ɓangaren Jamus yana fuskantar ɗan baffansa Sarkin Ingila, a daidai lokacin da sojojin da aka ɗiba daga Arewa suke yaƙar Jamusawa a Garwa da Mora. A 1917 gidan sarautar Ingila ya yar da sunan Koburg ya ɗauki Windsor. A 1918 Carl Eduard ya rasa gadonsa, a 1919 aka tuɓe masa sarautunsa na Ingila, daga baya ya bi Hitler, ya mutu a 1954 ba mutunci. Surukutar da ta ɗaga gidan ita ce ta tsaga shi biyu.

Ba labarin nesa ba ne. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 da sojan Turawa suka fasa ganuwar Kano, Edward na bakwai ne a gadon Ingila, ɗan Albert, sarki na farko da ya hau da sunan gidan Koburg. Da sunansa Lugard ya naɗa Abbas Sarkin Kano. Ke nan daga wannan shekara, harajin da dagaci ya tara a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram yana ƙarƙashin tutar jikan wani sarki ne da ƙasarsa ba ta fi gunduma biyu ba a ma'aunin Kano. Hogben da Kirk-Greene sun fito daga ƙasar da aure ya yi wannan aiki a idon kowa. Shi ya sa nake ganin rashin mata a jadawalinsu ba rashin sani ba ne kawai. Sun karɓi abin da fada ta miƙo musu, fada kuwa ba ta ambaton sunan matan sarki a gaban baƙo, balle ta rubuta wa Bature. Kunya da kulle sun rufe wannan ƙofa. Su kuma abin da ofishin Razdan yake bukata shi ne sanin gidajen da ke da haƙƙin gado, don ranar da sarki ya rasu a san sunayen da za a kai wa Gwamna. Tunda ɗan mace ba ya gado, me za a yi da sunan uwarsa? An yi jadawalin don amsa tambayar wa zai iya hawa. Tambayar me ya sa wane ne ya hau, ba a yi shi dominta ba.

Wannan uzuri ne, kuma na karɓe shi rabi. Sauran rabin ba zan karɓa ba, domin bayanin yana nan ga mai nema. Maroƙa da zabiyoyi ba sa wasa sarki su bar uwarsa da kakanninsa na wajen uwa. Jakadu da tsofaffin kuyangi sun san kowane ɗaki. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta rayuwarta, littafin ya fito tun 1954, shekara goma sha biyu kafin wannan. Mijinta M. G. Smith ya bi diddigin aure da sarauta a Zazzau da Daura da Kano. Daga baya Jean Boyd ta fito da tarihin Nana Asma'u a 1989, Heidi Nast kuma ta yi nazarin ƙwaraƙwaran gidan Sarkin Kano a 2005. Ƙofar ba a kulle take da kwaɗo ba. Sallama ce ba a yi ba.

Akwai wani giɓin da ya fi ci mini rai a matsayina na mai karatu daga wannan yanki. Ka bi jerin babobin daga farko har ƙarshe, ba za ka ga na Birnin Kudu ba, ba na Dutse, ba na Gwaram. Dalilin a fili yake: a 1966 gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, masu riƙe da su hakimai ne, littafin kuwa jerin sarakunan yanka na gwamnati ya bi. Amma Sarkin Kudu da Sarkin Dutse, kamar na Gaya da Rano da Ƙaraye, ba irin hakiman da ake turowa daga birni ba ne a asali. Sarautu ne na ƙasa masu tsohon tushe, da tamburansu da fadawansu. Dutse ta yi Ada, wanda ya gagari Kano zamanin Sarki Kumbari a ƙarni na 18, ta kuma yi gidajen Fulani biyu na Salihi da Musa bayan jihadi. Birnin Kudu tana da zanen da mutanen dā suka yi a jikin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shaidar cewa an daɗe ana zaune a wurin. Gwaram garin tsaron kan iyaka ce. Tun daga lokacin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 a kan rikicin haraji ya shige duwatsun Ningi, har zamanin Sarkin Ningi Ɗan Yaya, wannan kusurwa ce take fara shan hari kafin labari ya kai birni. Mutanen da suka yi rabin ƙarni suna kwana da kwari da baka a gefen gado sun cancanci fiye da a ambace su a gefen labarin wani.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa jerin 1966 hoton rana ɗaya ne. Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, aka sake dawo da ita dab da ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, kuma yau Birnin Kudu da Gwaram a ƙarƙashinta suke. Nuhu Muhammadu Sanusi ya riƙe ta daga 1995 zuwa 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. A Kano an ƙirƙiri Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, aka rushe dokar a 2024. Duk lokacin da irin wannan ta taso, sai ka ji ɓangare ɗaya yana cewa ai wuri kaza bai taɓa zama masarauta ba, a duba littafi. Littafin da ake nufi sau da yawa wannan ne, kuma ana ɗora masa nauyin da marubutansa ba su ce zai iya ɗauka ba. Rashin babi ba hujjar rashin tarihi ba ce. Hujja ce ta yadda Turawa suka tsara biyan albashi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, ko kuma na zamaninsu ne. Labarin Bayajida da Hausa Bakwai an kawo shi da sauƙin zuciya fiye da yadda masana za su yarda yanzu, musamman bayan tambayoyin da Abdullahi Smith ya tayar a 1970 da kuma aikin Yusufu Bala Usman a kan Katsina. Shekarun sarakunan kafin jihadi lissafi ne na baya-baya daga tsawon mulkin kowane, don haka kuskure ɗaya yana jan na bayansa. Inda aka zo cin ƙasa da Turawa suka yi, muryar ta Di'o ce: ana ganin abin daga bayan bindiga, ba daga kan ganuwa ba. Rubutun sunaye ma na kunnen Bature ne, ba ƙugiya, har wani sunan sai ka faɗe shi da baki kafin ka gane garinku ne. Wanda ya san da waɗannan zai karanta da lura, ya wuce.

Duk da haka ban san wani littafi guda da ya maye gurbinsa ba. Akwai waɗanda suka fi shi zurfi a kan masarauta ɗaya ɗaya: Kano Ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji da Hausa, aikin Adamu Fika a kan Basasa, na Victor Low a kan Gombe da Katagum da Haɗeja. Amma wanda zai ba ka Kazaure da Misau da Lapai da Fika a tsakanin bango biyu, ka kwatanta shekara da shekara, ka ga cewa lokacin da ake wannan a nan ana wancan a can, har yanzu shi ne. Ga malamin sakandare a Birnin Kudu da ke son nuna wa ɗalibansa cewa tarihi bai ƙare a Bagauda da Rumfa ba, babobin gabashin nan kaɗai sun biya kuɗin hoton.

Abin da ya rage aikinmu ne, kuma ba ya bukatar izinin Oxford. A mayar da kashi na biyu Hausa. A ƙara babobin masarautun da aka ɗaga bayan 1966, da na tsofaffin sarautun da har yanzu ba a ɗaga ba. Sannan a kowane jadawali a buɗe gurbi a gefen sunan sarki, a rubuta uwarsa da gidan da ta fito, tun masu riƙe da wannan sani a ka suna raye. Na zamanin nan ma ba ɓoyayye ba ne. Da Hajiya Maryam Ado Bayero ta rasu a 2021, jaridu sun ba da labarin cewa gimbiya ce daga gidan sarautar Ilori, kuma a lokacin 'ya'yanta biyu ne a kan gadon Kano da na Bichi. Muhammadu Sanusi na biyu yana auren 'yar Ado Bayero, yana kuma auren 'yar Lamiɗon Adamawa. Jadawalin da aka zana a tsarin Hogben zai nuna Aminu ɗan Ado Bayero da Sanusi a rassa biyu da suka rabu tun daga Abdullahi Bayero, ba zai nuna cewa surukai ne ba.